Ranar da Leibel Ya Ƙona Burodi a Kan Teku

Ni ba mai yawo ba ce. Shekarata tamanin da ɗaya, kuma tun da aka kawo ni Melbourne ina 'yar shekara shida ban taɓa yin Idin Ƙetarewa a wani wuri ba sai a teburin uwata, daga baya kuma a nawa. Makaranta na bar ta ina da shekara sha biyu na shiga ɗinki, saboda haka kada a tambaye ni dalilin kowace doka. Abin da na sani shi ne, kwana takwas ba a cin burodi, ba a ajiye shi, ba a barin ko ɓarɓashinsa a gida. A daren farko kuma ana zama a tebur, a karanta labarin fitarmu daga Masar, a ci matza, gurasar nan busasshiya marar yisti. Wannan zama shi muke kira Seder. Ban taɓa rasa shi ba, har ma a shekarar da aka yi mini aiki a ƙugu.

A shekarar da zan ba da labarinta, gwiwa ce ta ƙi. Ba na iya durƙusawa in goge murhu, 'yata Rochelle kuma ta tafi Perth gidan surukanta. Nan ƙanena Leibel ya shigo maganar.

Leibel yana da shekara saba'in da huɗu. Shekara arba'in ya yi yana sayar da kafet, kuma ban san ɗaki ɗaya da ya auna daidai ba. A ƙungiyarmu ta tsofaffi ya miƙe ya ce bana ba matar da za ta goge komai, zai kai mu jirgin ruwa na shaƙatawa daga Sydney zuwa Fiji, a can zai shirya mana Seder da za a riƙa ba jikoki labarinsa. Gittel, wadda muka yi ɗinki tare, ta tambaye shi ko ya taɓa jagorantar Seder ko sau ɗaya. Ya ce shekara arba'in yana zaune kusa da marigayi mijina Hirsh yana gyara masa karatu. Zaman kam ya yi. Yakan yi barci tun ba a kawo miya ba.

Mutum ashirin da biyu suka yarda. Ni na ce ba zan je ba sai da sharaɗi ɗaya: in zauna a wurin da aka tsarkake, in ci matza a daren idi.

"Yaya," in ji shi, "ke dai ki kawo bakinki kawai."

Ya rubuta wa masu jirgin cewa kada su loda matza ko ɗaya, tasu ta inji ce, shi zai taho da ta hannu daga gidan gashi. Ya gaya wa kowa kada ya ɗauko komai. Ranar tafiya ya ga kwalin matza a akwatina, ya ce wannan cin fuska ne. Na bar shi ya ɗauka ya haɗa da nasa. Ban san abin da ya same ni ba a ranar.

A jirgi aka ba mu wani ƙaramin ɗakin cin abinci a hawa na biyar, mai fiyano a kusurwa, aka kuma haɗa mu da babban kuku, wani mutumin Fiji mai suna Isikeli. Dogo ne, mai magana a hankali. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana shirya wannan abinci, yana da tukwane da cokula na musamman a kulle, ba a taɓa su sai lokacin idi. Na leƙa tukwanen. Ba abin da zan ce a kansu, ni kuwa ba na rasa abin cewa.

Leibel ya ce kulle ba tsarki ba ne. Ya ce kantocin kicin sai an kwara musu tafasasshen ruwa, kuma da hannun wanda ya san doka. Isikeli ya ce an riga an yi, an kuma shimfiɗa takarda. Leibel ya ce wanda aka yi bai gani ba. Ya ɗauki tukunya cike, ya ce kowa ya matsa ya ga yadda ake yi. A daidai lokacin jirgi ya ɗan karkata, kamar yadda yake yi tun da muka bar Sydney. Kanta ba ta samu ruwan ba. Ƙafarsa ta hagu ce ta samu.

Daga ranar yake yawo da takalmi a dama, silifas da bandeji a hagu. Isikeli ya rako shi har ƙofar kicin ya ce, "Baba, ƙafarka ta tsarkaka. Sauran ka bar mini." Leibel ya gaya wa jama'a cewa ya horar da ma'aikatan, yanzu za su iya da kansu. Amma ya kwashe kwalayen matza goma sha biyar daga sito ya kai ɗakinsa, wai bai amince da mutanen da ke toya burodi kullum ba.

Ana gobe idi, da yamma, akwai neman burodi. A gida ana ɓoye gutsure goma, sai maigida ya bi da kyandir da gashin tsuntsu ya tattara su, washegari da safe a ƙone. Ana ɓoyewa ne a inda aka sani, a kuma tuna. Aikin minti goma ne. Leibel ya ce zai yi shi a ɗakin cin abincinmu, a gaban kowa, don na baya su koya. Ba na baya a cikinmu, mafi yawanmu da sanda muke tafiya.

Kyandir an karɓe masa tun a bakin shiga jirgi, sai ya yi da tocilar waya. Gashin tsuntsu kuma ya samo daga hular wata mai rawa a dandalin jirgin, ja ne, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Gittel ta tambaya ko mai hular ta sani. Ya ce aikin lada ba a neman izini.

Shi ya ɓoye gutsuren da kansa tun da la'asar, shi kuma ya fito nema. Ya samu ɗaya a bayan labule, ya ɗaga sama, aka yi masa tafi don a gama da wuri. Ya samu na biyu, na uku, har na tara. A nan ya tsaya. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba tukunyar fure, ya koma bayan labulen da ya riga ya duba. Na tambaye shi ko ya rubuta wuraren. Ya taɓa goshinsa ya ce a nan suke.

Na ce masa to, a cikin ɗakin nan akwai burodi, kuma ni ba zan zauna in ci abincin idi a ɗakin da burodi yake kwance ba. Ya ce akwai addu'ar da ake yi a ce duk wanda ba a gani ba ya zama ƙura. Na ce wannan ta wanda ba ka sani ba ce, ba ta wanda ka ajiye da hannunka ba. Ban san ko malamai za su yarda da ni ba. Ban tambaye su ba.

Tsofaffi ashirin da biyu suka shiga nema. Aka kifa kujeru. Wata ta durƙusa ta kasa tashi, sai da ma'aikata biyu suka ɗaga ta. Anshel, mijin Gittel, wanda kunnensa ya toshe shekara goma, ya fi kowa ƙwazo, yana ɗaga kafet da sandarsa yana girgiza kai. Leibel ya buɗe murfin fiyano ya zura hannu, murfin ya rufe a kan yatsunsa. Bayan awa biyu aka watse, kowa na riƙe da ƙugu.

Da safe ya zo ɗakina yana ɗingishi, fuska cike da fara'a, da gutsure a cikin tsumma. Ya ce ya same shi, a bayan hoton da ke bango. Na karɓa na duba.

"Leibel, wane burodi ka ɓoye jiya?"

"Na alkama, Yaya."

"Wannan da zabibi a ciki. Kuma da ɗuminsa."

Ya ce bangon yana da zafi. Na ce zabibin fa, bangon ne ya haifa. Ya ce ba a taɓa yi masa irin wannan zargi ba, ya naɗe gutsuren ya haɗa da sauran, ya ce ko ma dai yaya ne, goma ne a hannunsa kuma lokacin ƙonawa ya yi.

Isikeli ya tare shi a hanya ya ce ya kawo, akwai wutar da jirgi ke ƙona shara a ƙasa, kowace shekara a can ake sawa, zai iya tsayawa ya gani da idonsa. Leibel ya ce shi ba zai haɗa umarnin Allah da ɓawon dankali ba. Ya ce zai watsa a teku. Isikeli ya ce an hana jefa komai a teku. Ya ce to zai kunna 'yar wuta a saman jirgi. Isikeli ya dube shi ya ce, "Baba, a jirgi ba 'yar wuta." Leibel ya ce ya ji, ya gode. Duk wanda ya san Leibel ya san idan ya ce ya gode, ya riga ya yanke abin da zai yi.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, kuma ya faɗa da alfahari. Ya ari ashana wurin wani mai shan sigari. Ya ɗauki bokitin ƙanƙara ya shiga banɗakin ɗakinsa. Abin nan da ke jin hayaƙi a rufi, ya sa masa hular wanka ta leda, ya ce dabarar da injiniyoyin ba su yi tunaninta ba ke nan. Ya zuba burodi a bokiti ya ƙyasta. Burodi ba ya ci da sauƙi, duk matar gida ta san haka. Ya ƙara takarda, ta cinye ta bar burodin. Sai ya ɗauko turaren da yake shafawa bayan aski ya juye rabin kwalba.

Wannan karon ya ci. Tawul ma ya ci, da labulen wanka, da girarsa duka biyu. Ya ɗauki bokitin da niyyar kai shi waje, ya buɗe ƙofar banɗaki ya shiga ɗaki da shi, ƙarfen ya ƙone masa hannu, ya yar a kan gado.

Ina ɗakina ina guga farar rigata jiniya ta tashi. Aka ce ta lasifika kowa ya sa rigar ceto ya tafi wurin taruwarsa, ba gwaji ba ne. Na gama hannun rigar da nake gogewa, na kashe dutsen guga, na fita.

Mutum dubu biyu suka taru. Wasu da kayan iyo, wasu da kumfa a kai, wani da farantin ƙwai bai ajiye ba. Wata mata tana kuka tana kiran sunan karenta da ta bari a Brisbane. Mu aka jera mu kusa da kwale-kwalen ceto, rana tana dukanmu, kowa da riga mai ruwan lemo har haɓa. Gittel ta ƙirga mu ta ce saura ɗaya. Ba wanda ya tambayi wane ne.

Bayan kusan rabin awa kyaftin ya yi magana. Ya ce an kashe wutar, ba wanda ya ji rauni mai tsanani, kuma ta tashi ne a ɗaki mai lamba kaza, inda wani fasinja yake ƙona burodi a cikin bokiti. Ya maimaita kalmar burodi, kamar shi ma yana so ya tabbatar. Yana rufe baki aka fito da Leibel tsakanin ma'aikata biyu, jiƙe sharkaf, ba gira, silifas ɗin ma ya ɓace, jan gashin tsuntsun nan yana leƙowa daga aljihunsa. Sai da aka bi da shi ta gaban jama'a duka, domin ba wata hanya zuwa ofishin kyaftin. Yana tafiya yana ɗaga wa mutane hannu.

Anshel ya tambayi matarsa me ake yi. Ta sa baki a kunnensa ta yi masa bayani da ƙarfi, tun daga gutsure na goma. Ya tambaya ko wanda yake kan fiyano ake nufi, a cikin farar takarda. Ya ce shi ya cinye shi jiya kafin a fara, ya ɗauka na baƙi ne. Gittel ta tambaye shi to me yake nema awa biyu da sanda. Ya ce ya ga kowa na nema, ya zaci 'yan kunnen wata ne suka faɗi.

Na ji sanyi a raina. Jiya cin burodi halal ne, ɗakin kuma ashe tsarkakakke ne. Na ce wa kaina an wuce wurin. Sai na ga Isikeli yana tahowa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ya kai ni ɗakin Leibel. Famfunan kashe gobara da ke rufi sun yi aikinsu sosai. Da safen nan Leibel ya buɗe kwalayen duka goma sha biyar, ya shimfiɗa matza a kan gado da tebur da kujera, don ya zaɓi waɗanda ba su karye ba. Yanzu duk sun zama kunu, baƙin kunu, ga bokitin a kife a tsakiya, ƙonannen burodi yana iyo a ciki. Na hango kwalina a ƙasa, na gane shi da zaren da na ɗaure. Na tambayi Isikeli ko akwai wata a jirgi. Ya ce, "Mama, an rubuto mana kada mu loda." Na tambaye shi yaushe za mu kai tudu. Ya ce sai gobe da hantsi za mu isa Suva, babban birnin Fiji. Idi kuwa da faɗuwar ranar yau yake shiga.

Ban yi kuka ba, ba na yi a gaban mutane. Na koma ɗaki na gama gugar rigata.

Da rana ta faɗi na sauka hawa na biyar. Isikeli ya shirya tebur yadda ya kamata, ga ruwan gishiri, ga ganye mai ɗaci, ga ƙashi, ga ƙwai, ga ruwan inabi, ga kyandirori na batir. A tsakiya akwai farantin matza da farin mayafi a kai, ba komai a ƙarƙashinsa. Na zauna. Shekara saba'in da biyar ban rasa ba, na zo rasawa a kan ruwa da farar riga a jikina.

Leibel yana tsaye a gaban tebur, a wurin kujerar jagora. Kyaftin ya sake shi bayan ya sa hannu a takarda cewa har mu koma Sydney ba zai taɓa komai a jirgin ba sai cokali. An zana masa gira da jagirar wata, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya gyara murya ya ce kakanninmu ma cikin gaggawa suka fita, ba su samu yadda suke so ba, kuma ya lura akwai wani busasshen biskit a wurin shan shayi wanda idan mutum bai sa tabarau ba… Bai ƙarasa ba. Na dube shi irin duban da nake masa tun yana ɗan shekara huɗu.

Sai na ji ƙarar zif. Gittel ce ta buɗe jakarta, ta zaro kwalin matza ta ajiye a tebur ba tare da ta kalli kowa ba. Matar da ke gefenta ta sunkuya ta fito da nata daga ƙarƙashin kujera. Wata ta ciro daga kwandon keken guragunta. Haka aka yi ta yi a jere, shiru, har kwali goma sha huɗu suka taru, da na wani tsohon gwauro wanda ya ɓoye nasa a cikin rigar sanyi.

Leibel ya ce ai ya ce kada kowa ya ɗauko. Gittel ta ce shi ya sa. Sannan ta juyo wurina.

"Naki fa, Bluma?"

"Na ba shi."

"Duka? Ke da kika raine shi?"

Ta zaro uku lafiyayyu ta sa ƙarƙashin mayafin, ta turo mini kwalin gabana.

Na ce Anshel ne zai jagoranta, domin ya iya karatun, kuma ba mai iya katse shi. Aka matsar da Leibel daga kujerar. Ya tambaya to shi mene ne aikinsa, bayan duk wahalar da ya sha. A Seder, mafi ƙanƙanta a tebur ne ke miƙewa ya yi tambayoyi huɗu, galibi ɗan shekara biyar, a tsaye a kan kujera. Na ce wannan ne aikinsa. Ya ce akwai waɗanda ya girme su a nan, ya nuna wata. Ta ce shekarunta ba na tattaunawa ba ne. Na ce ba shekaru nake ƙirgawa ba.

Ya miƙe, ƙafa a bandeji, hannu a bandeji, ya rera tambayar farko da muryar da uwarmu ta koya masa, yana neman a gaya masa abin da ya bambanta wannan dare da sauran. Anshel bai ji ba, ya ɗago ya tambayi matarsa me yaron yake so. Ta gaya masa. Ya yi tunani, ya ce shi dai sauran ranaku ba a sa shi rigar ceto kafin abinci. Daga nan ya koma littafinsa ya ci gaba, bai tsallake ko layi ɗaya ba.

Aka wanke hannu, aka yi albarka, na gutsuri matza na sa a baki. Ta Gittel ce, ta inji, ta ɗan yi taushi da iskar teku. Matza ce dai.

Leibel ya jingino kusa da kunnena.

"Yaya, tsakani da Allah, tun da kike, kin taɓa ganin mutum dubu biyu sun halarci ƙona burodi?"

Doka ta hana magana bayan albarka sai an haɗiye. Na tauna a hankali.